Natsuwa, Karen Tsohon Darakta

Idan ana maganar tsari, to a miƙe tsaye a gaida Tsohon Darakta. Shekaru ya yi yana mulkin wani ofishi inda ko fanka ba ta juyawa sai da izininsa. Ranar da ya yi ritaya ofishin ya numfasa, unguwa kuma ta shiga uku. Tafiyarsa kanta darasi ce: ciki a gaba, hannaye a baya, kamar jirgin ruwa mai shiga tasha a hankali don kowa ya samu rabonsa na kallo. A bayan idonsa ana kiransa Na-Sha-Faɗa, domin da waɗannan kalmomi yake buɗe baki.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar shugaban kwamitin tsaftar unguwa. Kujerar ba ta da albashi, ba ta ma da ƙafafu, amma ita yake gani ko ya rufe ido. Abokiyar takararsa maƙwabciyarsa ce, wata tsohuwar malamar makaranta da katanga ɗaya ta raba su. Kullum sai ya tsaya bakin titi ya nuna gidanta da sanda.

"Na sha faɗa, ɓera ba ya shiga gidan da ke da tsari. Ɓera na da hankali, ya san inda ake sakaci. Ni gidana ko ƙuda sai ya nemi izini."

Don jama'a su ga yadda horo ke aiki a hannun gwani, sai ya sayo kare. Ɗan mitsitsi ne, irin da ake kira teriya, fari mai ɗigon ƙasa-ƙasa a ido ɗaya, tsawonsa bai wuce takalmin maigidansa ba. Amma wanda ya zuba masa rai bai auna ba, ya zuba na doki. Darakta ya dube shi yana tsalle kamar ɗigon ruwa a mai mai zafi, ya raɗa masa suna Natsuwa.

Likitan dabbobi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. "Ranka ya daɗe, irin wannan ba na ado ba ne, kakanninsa mafarauta ne. A fita da shi safe da yamma ya yi gudu, a jefa masa ƙwallo, a ba shi aiki. In ba ka ba shi ba, zai nemo wa kansa."

"Yaro," in ji Darakta, ko da yake furfurar likitan ta fi tasa, "ƙatti masu digiri na lanƙwasa ba tare da na yi gudu ba. Na sha faɗa, horo daga kujera ake yin sa."

Aka fara horo daga kujera. Kowace safiya Darakta yakan zauna a tsakar gida ya gabatar da jawabi kan ladabi da sanin ya kamata. Natsuwa yakan saurara ta hanyarsa. Ya tone furannin matar gidan har saiwa. Ya mayar da tiyon ban ruwa rariya. Ya cinye silifas na ƙafar hagu, ya bar na dama don tarihi. Darakta ya kira duk wannan matakin farko na gyara.

"Baban yara," in ji matarsa, tana riƙe da gawar furenta, "ƙafafun halittar nan ƙaiƙayi suke masa. Ka zaga da shi mana, ko zuwa ƙarshen layi."

"Ke! Zaɓe na ƙaratowa a ga mutum irina yana bin kare a titi? Wa ke gaba, wa ke baya?"

Da jawabi ya gaza, sai ya tuno maganin da bai taɓa ba shi kunya a ofis ba. Ma'aikacin da ya gagara, a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba kowa. Ya tasa Natsuwa zuwa ɗakin ajiya na bayan gida, inda tsofaffin kwalaye da katifu da karyayyun kujeru suka shekara ba wanda ya leƙa su. Ya sa masa ruwa da abinci, ya ja ƙofa.

Abin mamaki, haushi ya ɗauke. Sai dai ƙarar kwali na faɗuwa, da ɗan guje-guje, sannan shiru mai daɗi. Da yamma in an buɗe masa, Natsuwa yakan fito a gajiye, fuskarsa cike da gamsuwar wanda ya yi wunin kirki. Darakta ya shafa ciki. "Kin gani? Canjin wurin aiki. Na sha faɗa."

Ranar zaɓe shi ya nace a yi taron a gidansa, don ido ya shaida. Aka jera kujeru sahu-sahu, ƙasa a share kamar an lashe. Ya yi jawabi har inuwar katanga ta tashi daga ƙafafun mutane ta hau gwiwoyinsu. Ya yi magana kan shara, kan kwata, kan wasu gidaje da ba zai ambata ba, yana kallon Malama. Daga ƙarshe ya ɗaga sanda.

"Yanzu ku ga abin da tsari ke yi wa dabba, balle mutum. A buɗe wa Natsuwa!"

Matarsa ta buɗe ƙofar ɗakin ajiya. Natsuwa ya fito, kuma a karon farko a rayuwarsa bai yi gudu ba. Ya tako a hankali, kai a sama, irin takun maigidansa sak. Ya ratsa sahun kujeru, ya iso gaban Darakta, ya ajiye masa ƙaton ɓera a kan takalmi. Sannan ya zauna, ba tare da an ce masa zauna ba.

Kafin kowa ya haɗiye yawu ya koma ya kawo wani. Ya sake komawa. Aikin da ya tara tun ranar da aka canza masa wuri yake gabatarwa, yana jera su daidai wa daida, wutsiyoyi na kallon gefe guda. Gaskiya dai an koya masa tsari.

"Daga maƙwabta suka tsallako!" Muryar Darakta ta fito siririya.

Malama ta gyara tabarau ta sunkuya. "A'a, maƙwabci. Wannan ƙiba ba ta gidana ba ce. Waɗannan a gidan manya suka tashi."

Da aka ce masu goyon bayan Malama su ɗaga hannu, har matarsa sai da hannunta ya ɗan motsa, ta ce sauro ta kora. Malama ta ci kujera. Hukuncinta na farko cike yake da girmamawa: kwamiti na roƙon Natsuwa ya riƙa zaga gidajen unguwa kowace safiya, kuma tunda horon Darakta ne, ba wanda ya cancanci riƙe igiyar sai shi.

Yanzu da hantsi za ka ga farin ɗigo yana keta layi kamar tartsatsi, igiya a miƙe, a ƙarshenta jirgin ruwan nan yana tangal-tangal, hula a hannu. Yakan buɗe baki ya ce "Na sha..." sai numfashi ya ƙwace sauran.

Kwanan baya wani sabon ɗan haya ya tambayi mai shago ko wane ne dattijon nan mai gudu.

"Babba ne a kwamitin tsafta," in ji mai shago. "Shi ne mataimakin Natsuwa."