Awa Biyu a Saman Lilon Kwamiti

Idan ka tambayi mutanen unguwarmu a Talata Mafara wane ne Jatau, kowa da abin da zai ba ka. Mai shayi zai ce mutum ne da ke zagaya gonarsa kafin ya gaisa da iyalinsa. Ladan zai ce sahun farko bai taɓa wuce shi ba, sai dai in ya hangi yayansa Hamidu a dama, sai ya koma hagu. Matarsa Batulu kuwa cewa take shekara uku ke nan kwanon tuwo bai tsallaka zuwa gidan Hamidu ba, alhali katanga ɗaya ce tsakani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gona ɗaya mahaifinsu ya bari a bayan gari, ya raba musu ita da layin gamba. Da aikin dam na Bakolori ya iso, katafila ta bi ta baje ƙasa sumul, gamba ta tafi. Jatau ya kafa turaku ya ce iyaka nan take, Hamidu ya ce a'a, can take. Taku bakwai ne tsakanin nan da can. Magana ta kai gaban alƙali, aka sa ranar Alhamis Jatau zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Jatau ba maƙaryaci ba ne, har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa, kuma wannan ne abin tsoron. In ya rantse, zumunci ya ƙare. In kuma ashe kuskure ya yi, to shi da Ubangijinsa.

Ana nan, ranar Talata, ranar kasuwa, sai Kwamitin Faranta Ran Talaka ya buɗe mana Filin Nishaɗi a bakin gari. Allah ya saka wa kwamitin nan da alheri. Mu da muka roƙi takin zamani da famfo, sai suka duba suka ga abin da ya fi damunmu shi ne rashin lilo. Suka kawo dawakan katako masu zagaye, da ƙananan motoci masu karo da juna, da wani ƙaton ƙarfe kamar wilin keke da aka tsayar, an rataya masa kwanduna goma sha biyu, kowanne na ɗaukar mutum biyu. Mutane daga Bakura da Maradun da Morai, mota-mota, har ba wurin aje ƙafa.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfura na koyi haɗa baƙi, shi ya sa har yau duk abin da na gani a rubuce nakan ɗauka gaskiya ne. A ƙofar filin an rubuta da jan fenti: WUTA BA YANKEWA. Na tsaya na karanta sau biyu, hankalina ya kwanta.

Mai Girma Mai Almakashi ya iso da motoci tara, ya yanka ƙyalle, ya yi jawabi. Ya ce ga ruwan dam can maƙil, nan gaba kaɗan har akurkin kaji sai an sa masa ƙwan lantarki. Muka tafa. Ya ce manoman da aka auna wa gona su za su fara hawa, kyauta. Muka ƙara tafawa. Daga nan ya wuce masaukin baƙi ya huta, don yankan ƙyalle aiki ne mai gajiyarwa.

To, ga inda hikimar kwamiti ta fito. Tikitin kyautar da lambar gona aka raba shi, kuma a bin lamba ake shiga kwando. Gonar Hamidu arba'in da ɗaya, ta Jatau arba'in da biyu. Jatau ya ja baya, ya ce zai jira na gaba. Mai kaki da ke tsaron ƙofa ya ce, "Baba, takarda ta ce ɗaya da biyu. In kana da ƙorafi ka rubuto." Jama'a na turawa daga baya, Jatau ya shiga ya zauna, ya juya wa yayansa ƙeya. Ni da maƙwabcina Gajere wanzami muka faɗa kwandon da ke bin nasu.

Lilo ya tashi. Gajere ya kama hannuna yana salati. Zagaye ɗaya, zagaye na biyu, da kwandon su Jatau ya kai ƙololuwa sai muka ji ƙiiii, komai ya tsaya. Dawakan katako suka daskare da mata a kai, motocin karo suka yi cirko-cirko, kiɗan lasifika ya mutu a tsakiyar baiti.

"Malam," in ji Gajere, "kai da ka iya karatu, mi aka rubuta ga ƙohwa?"

Na ce, "Wuta ba yankewa."

"To wagga mi ta yi? Sallah ta tai?"

Daga baya muka ji yadda abin yake. Waya ɗaya ce ke ciyar da filin da masaukin baƙi, kuma ba ta iya ɗaukar biyun tare. Da Mai Girma ya kishingiɗa aka kunna masa na'urar sanyaya ɗaki, sai mai kula da makunni ya auna: mutum ɗari huɗu a rana, mutum ɗaya a ɗaki. Bai sha wahalar zaɓi ba. Ni ban ga laifinsa ba, yana da iyali.

Can sai ga Ranka Ya Daɗe Sakataren Kwamiti da ƙahon magana mai batir. Ya ce jama'a su kwantar da hankali, wannan ba ɗaukewar wuta ba ce, hutun inji ne, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ya ce waɗanda ke sama su ɗauka ƙarin lokaci aka ba su kyauta. Wata tsohuwa, Lantana mai fura, da jikarta ke cikin kwando na biyar, ta tambaye shi ko a ƙasashen nan ma a sama ake sallar la'asar. Ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti a duba.

Gajere ya leƙa ƙasa, ya ce, "Wallahi tun da aka haihe ni ban taɓa zama sama da manya ba sai yau. Dubi hular Sakatare, ashe tsakiyarta ta ci wuta."

Ni dai kunnena na kwandon sama. Rabin awa ta wuce. Hamidu na jan tasbaha. Jatau, da ya rasa inda zai sa ido don kada ya kalli ɗan'uwansa, sai ya sa shi inda ya saba, wato gona. Daga can sama gonakin bayan gari a shimfiɗe suke, alkama kore shar, hanyoyin ruwa sun ratsa su. Na bi inda yake kallo, ni ma na gani. A cikin koren nan akwai wani siririn layi da ya fi sauran duhu, miƙe sak daga bakin hanya har kwalbati. Shekara arba'in ana tara tokar shara da kashin awaki a gindin gambar iyaka, katafila ta kwashe gamba amma ba ta kwashe ƙarfin ƙasar ba. In kana tsaye a ƙasa ba ka ganin komai. Daga sama kuwa kamar an ja shi da alƙalami. Kuma layin ba inda Jatau ya kafa turakunsa yake ba. Can yake, inda Hamidu ya ce.

Na ji Jatau ya ce, "Innalillahi." Ya cire hula, ya mayar. Ya ƙirga da yatsa daga turaku zuwa layin, ya sake ƙirgawa. Sai ya yi gyaran murya, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa.

Hamidu bai motsa ba. Shekara biyu ya yi yana aikin fasa dutse a wurin dam, kunnensa na hagu ya tafi, kuma kwamiti cikin tsarinsa ta hagun ya zaunar da Jatau.

Jatau ya ɗan ɗaga murya. Hamidu ya juyo, karon farko cikin shekara uku, ya ce, "Mi kac ce?"

"Na ce ka dubi gona!"

"Goro? Ba ni da shi."

Gajere ya toshe baki da hula, kwandonmu na rawa. A ƙasa kuwa, da yake ba kiɗa ba inji, filin ya yi tsit, mutum ɗari huɗu sun ɗaga kai suna jiran su ga ko faɗa za a yi a sama. Batulu na cikinsu, ta dafe ƙirji. Sakatare ma ya sauke ƙahonsa.

Shekarata goma ina sauraron ƙahon manya. Na ji an ce hutun inji, na ji an ce gwaji, na ji an ce laifin damina. Akwai kalma ɗaya da ban taɓa jin ta fito daga cikinsa ba, ina jin batirin ne ba ya ɗaukar ta. Ran nan sai ga ta daga sama, ba batir ba waya. Jatau ya kama ƙarfen kwando da hannu biyu, ya kai bakinsa ga kunnen yayansa, ya buɗe murya yadda har masu awon gero a bakin kasuwa sai da suka waigo:

"Yaya! Iyaka taka ce! Ni na yi kuskure, shekara uku! Don Allah ka yahe mani!"