Facin Haƙori a Waca

Laifin matata Hadiza ne. Cikon haƙorinta ya ɓantare, wani likita a Magaria ya goge gefen ya liƙe wurin, bai ma cire tsohon cikon ba. Sati guda ba ta da zance sai nasa.

"Maigida, hannun mutumin nan kamar auduga!"

Ni kuwa shekara ashirin ina facin taya a tashar Waca, ba ta taɓa yabon hannuna ba. Na ce, "Faci fa ya yi miki. Sana'ata ya ara."

Da nawa cikon ya tsage, na ɗauko madubin babur da gam mai kama ƙarfe, na kira ta ta ga aikin gwanaye. Na ɗiga, na danna da yatsa, na jira ya sha iska.

Yatsan ya ƙi fita. Leɓe ma ya kama.

Haka na shiga motar Magaria hannu a baki, Hadiza tana yi wa fasinjoji bayani dalla-dalla. Likitan nan nata ne ya raba ni da yatsana, kuma abin haushin, hannunsa da laushi.

Har yau in direbobi sun kawo taya, sai su wangale mini baki: "Likita, a fara da wannan."