Shanun Da Na Kashe a Cikin Gem

Ranar da 'yata Hajara ta sayo mini gem ɗin nan na riƙewa a hannu, sai da ta ja mini kunne.

"Baba, sabon shiga da tseren mota yake farawa, ko ƙwallo. Wasan gona yana da wuya."

Na ce, "Shekara talatin ina dillancin shanu a kasuwar Dei-Dei. Sa mini mai shanun."

Washegari na tara abokan sana'a a rumfa su ga gwaninta. Shanu uku aka ba ni. Da na je sayen harawa, mai shagon cikin gem ya yanka kuɗi. Na nemi wurin tayi, babu. Sai na yi masa dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya a kara ba: na juya na tafi, ina jiran ya kira ni.

Malam Audu, maƙwabcin rumfata, ya ce, "Alhaji, saya musu mana."

"Ƙyale shi, zai sauko. Na san irinsu."

Kwana huɗu na gem ina wucewa ta ƙofarsa ina ɗauke kai. Bai sauko ba. Rana ta biyar na leƙa garke, duk sun mutu, ko yanka ban samu yi ba.

Audu ya cire hula, ya jera mutane suka yi mini ta'aziyya.

Har yau duk baƙon da ya kawo mini sa, sai Audu ya matso ya ce wa baƙon, "Oga, haɗa masa da harawar kwana biyar."