Namijin da Ba Ya Iyo

A Ikko aka yi wannan. Wani ɗan unguwarmu, Lurwanu, yana aiki a wani ɗakin bincike kusa da teku. Kiwo yake yi, amma ba na awaki ba. Wata jar ciyawar teku ce mai kama da gansakuka, ya zuba ta a kwalabe da ruwan gishiri, yana nazarin yadda take haihuwa. A teburin da ke kusa da nasa akwai Barira. Kowa ya san yana son ta, ita ma ta sani. Amma shekara da shekaru, daga "ina kwana" sai "sai gobe". Ana nan wani mai sayar da tayoyi ya fara zuwa gidansu zance. Barira ta ce ta gaji, wanda ya fara turo manya shi za ta saurara. Labari ya kai gida. Goggon Lurwanu, mai zuwa Ikko saro atamfa, ta ce a bar ta da shi.

Ta same shi cikin kwalabensa, Barira na gefe tana nata aikin. Bayan an gaisa, Goggo ta nuna da haɓa.

"Wannan jan abin ne ya hana ka zuwa gida da Sallah?"

"Goggo, abin mamaki ne da ita. Kin ga wannan namiji ne, wannan mace. In sun haɗu, ɗan a jikin uwar yake tsirowa. Shi kuma abin da zai haifa ba namiji ba ne, ba mace ba. Sai a hawa na gaba ake dawowa kan maza da mata."

"Ban tambaye ka jikoki ba. Yaya suke haɗuwar tun farko?"

Lurwanu ya gyara tabarau, murya ta buɗe.

"Nan ne matsalar. Irin namijin ba ya iyo. Ba ya ko motsi. A teku, igiyar ruwa ce ke kwasar sa ta kai wa macen. Nan kuwa babu igiyar ruwa, shi ya sa kullum da safe nake girgiza kwalbar."

"In ba ka girgiza ba fa?"

"Sai su zauna gefe da gefe har su mutu, ba abin da zai faru."

Goggo ta dubi kwalbar. Ta dubi Lurwanu, ta dubi teburin Barira. Sai ta ajiye jakarta a ƙasa, ta kama kafaɗunsa biyu, ta jijjiga shi har tabaransa ya zamo kan hanci.

"Goggo, lafiya? Me na yi?"

"Yi min shiru. Barira, matso da kujerarki, 'yata. Yau ni ce igiyar ruwa."