Cindo Mai Gadin Dandalin Albasa

A garinmu na Tudun Gawo akwai wani mutum da ake kira Cindo. Su huɗu ne a gidansu: shi, da matarsa Kande, da tsohuwarsu Inna Mairo, sai yayarsa Tabawa da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Cindo ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Ciwonsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Abin da kake nufi kuwa, wannan ruwanka ne.

Tabawa ce shugabar ƙungiyar manoman albasa, ita ta buɗe musu dandali a intanet inda ake faɗin farashi, a nemi iri, a sayar da buhu. Ana nan sai baƙi suka fara rajista kamar fari: masu tallar caca, masu maganin ƙiba, masu sunayen da harshe ba ya iya juyawa. Ɗaya daga cikinsu ya sayar wa Baba Ɗanjuma irin albasa na bogi, noman shekara ya tashi a banza. Manoma suka ce in ba a share dandalin kafin taron girbi ba, za a rufe shi, Tabawa kuma ta sauka. Ba wanda ya yarda ya ɗauki gadin dandalin, sai ta ba ƙaninta Cindo. Ta san halinsa sarai, amma ta gaji da jin ana cewa ba shi da amfani.

Wata rana ta ce masa, "Cindo, dandalin nan gida ne. Duk wanda ya faɗo mana ba sallama, ka fitar da shi." Ya ce, "To, Yaya." Ku da kuka san manomanmu, kun san ba su da lokacin gaisuwa a waya, sai dai ka ga "Nawa buhu yau?" Masu tallar caca kuwa duk saƙonsu da "Assalamu alaikum, ɗan'uwa mai albarka" yake farawa. Kafin la'asar Cindo ya kori manoma arba'in, ya bar 'yan damfara ɗari uku suna ta yi wa juna sallama. Da Tabawa ta zo tana huci, ya ce, "Yaya, ki duba mana. Ban taɓa ganin mutane masu ladabi irin waɗannan ba."

Wata rana, bayan ta bi gida gida ta ba da haƙuri, ta ce, "Bar zancen sallama. Duk wanda ka ga yana talla, shi za ka kora." Ya ce, "To, Yaya." Ranar kuwa jajibirin kasuwa ce, kowa ya ɗora hoton buhunansa. Cindo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe da ya kora ita ce Tabawa, don ta rubuta tana da buhu goma sha biyu. Sai da ya yi hawaye kafin ya danna, amma ya danna. 'Yan damfara ranar ba su ce uffan ba, saboda haka ko ɗaya bai taɓa ba.

Wata rana wani malamin makaranta ya ba da shawara a sa tambaya a ƙofar rajista, irin wadda baƙo ba zai iya amsawa ba. Tabawa ta isar wa Cindo. Ya yi tunani wuni guda, sannan ya rubuta: "Me Kande ta dafa jiya?" Gaskiya baƙo bai iya amsawa ba. Ɗan gari ma haka. Dattawa masu jikoki suka riƙa tsayawa a zaure suna tambayar Kande ko tuwo ne ko dambu, har ta rantse za ta tafi gidansu in ba a cire sunanta daga waya ba.

Saura mako guda taro, Tabawa ta zauna a tsakar gida ta yi tagumi. Tsoro ya kama ta, ba na kujera kaɗai ba, har da na ranar da za a ce ai dama an faɗa mata. Ta ce cikin gajiya, "Cindo, ni na rasa yadda zan yi da kai. Ka ga yadda Inna take karɓar baƙo? Yi haka kawai." Ya ce, "To, Yaya."

Inna Mairo kuwa tana da tsarinta. Baƙo ya zo, sai ta gaishe shi har ya gaji, ta tambaye shi ɗan gidan wane ne, ta kawo ruwa, sannan ta aika a gaya wa mutanensa cewa ya sauka lafiya. Haka Cindo ya yi. Ya ajiye kofin ruwa kusa da waya, ya bi kowane suna, tsoho da sabo: ina gajiya, yaya iyali, yaya gona, ɗan gidan wane ne? Ɗari uku ɗin nan ba su da amsa sai "Danna nan ka ci kyauta." Cindo ya ce tunda ba su faɗi gidansu ba, ba inda zai aika, sai su jira a waje, ya fitar da su duka.

Amma akwai wani mai wayo. Ya amsa gaisuwa tsaf, ya ce shi ɗan Malam Barau ne na bakin rafi, yana da iri mai kyau. Cindo ya ji daɗi, ya hau keke ya tafi bakin rafi da rana tsaka. Ya ce, "Malam, na zo in gaya maka ɗanka ya sauka lafiya." Malam Barau ya dube shi ya ce, "Wane ɗa? 'Ya'yana bakwai, duk mata ne." Aka kira Baba Ɗanjuma ya duba lambar. Ita ce dai ta wanda ya sayar masa da irin bogi. Nan take mutumin ya fice daga dandalin.

Ranar taro ba wanda ya tayar da zancen rufe dandali. Malamin makaranta ya miƙe ya yi dogon bayani a kan sabon tsarin tantancewa, kai ka ce shi ya ƙirƙiro shi. Baba Ɗanjuma ya ce a bar Tabawa a kujerarta, a bar mai gadi a ƙofarsa. Tabawa ta waiga tana neman ƙaninta, zuciyarta fari ƙal, sai ta same shi a gefe ya ɓata rai.

Ta ce, "Yau kuma me ya faru? Kai ake yabo fa."

Ya ce, "Yaya, kada dai Inna ta ji. Baƙon nan ya tafi ko ruwa bai sha ba."