Yadda Na Goge Guɗar Gwaggo

Ranar bikin ƙanwata ni ne mai ɗaukar sauti, don da kaina na koyi gyaran murya a laftof, har tare mutane nake ina musu bayani. Yayanmu na Jidda bai samu zuwa ba. Abu ɗaya ya roƙa a tura masa: guɗar Gwaggo Hajara, wadda ta hawo lori tun daga Doka don ta rangaɗa ta.

Na buɗe sautin, na cire ƙugin janareta tas. Sai na hango wasu dogayen tsinaye a zanen sautin suna taɓa jan layi. Na ce kukan makirfo ne. Gwani ai ba sai ya saurara ba, da ido yake aiki. Na bi su ɗaya-ɗaya na yanke, na adana a kan na asalin, na tura wa Yaya.

Washegari ana shan jabana, gahawarmu, na kunna wa dangi. Ga kiɗa, ga tafi. Gwaggo ta kasa kunne har ƙarshe.

"Ya walad, kai yaron nan, ni ina nake?"

Yaya kuwa bugowa ya yi, wai ko Gwaggo ba ta da lafiya ne.

Har yau kafin ta yi guɗa a biki sai ta nemo ni da ido: "Bashmuhandis, babban injiniya, in yi, ko gogewa za ka yi?"