Gaisuwata Ta Cinye Takardar Kotu

Jama'a, ranar Talatar nan ni Khalilu na kusa kayar da gwaggona a kotu, alhali ni ne shaidarta.

Gwaggo Zulaihatu, mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona da marayu huɗu. Maƙwabcinta Badaru ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya matso ya haɗiye mata kunya biyar. A shekarar da gero ke neman gagarar talaka, kunya biyar ba wasa ba ce. Ni kuwa a gabana aka dasa gambar nan, a gabana aka tuge ta.

Da ƙafa muka tafi, don 'yan acaɓa tun shekaranjiya suke gadin gidan mai.

Magatakardan kotun, Malam Mika'ilu, mutum ne mai amana. Duk abin da ya fito daga bakin shaida sai ya rubuta, ko tari ne. Kafin in fara ya raɗa mini, "Samari, falle biyu suka rage mini. Ka taƙaita." Wai iyayenmu Masu Girma Sarakunan Alkawari sun yi taron kwana uku a otal kan yadda za a wadata kotuna da takarda, sai aka buga jawaban taron da 'yar wadda ta rage. Allah ya ƙara musu basira.

To, ni ba a haife ni da garaje ba. Ya za a yi in ga alƙali da furfura in faɗa masa magana tsagwaronta? Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya gajiya? Ya muka ji da zafin nan?" Na waiwaya sai ga yayan Badaru da aka yi wa rasuwa ban je ba, na yi masa ta'aziyya. Sannan na ɗauko zancen tun daga shekarar da fara ta cinye mana wake. Biro yana ta gudu. Ina kaiwa "sai na ga Badaru ya sunkuya", Malam Mika'ilu ya ajiye biro ya ce, "Takarda ta ƙare."

Alƙali ya ce abin da ba a rubuta ba tamkar ba a faɗa ba ne, a dawo bayan mako biyu. Da aka karanta mini shaidata, babu ƙarya ko ɗaya. Babu gamba kuma ko ɗaya.

A bakin ƙofa Badaru ya dafa kafaɗata. "Yaro mai ladabi, Allah ya yi maka albarka."

A hanya na ce, "Gwaggo, sannu ba ta hana zuwa."

Ta ce, "Ƙarasa mana, ɗan nema! Sai dai a daɗe ba a je ba. Ga hadari na haɗuwa, a bakinka zan yi shuka? Shaida na kai ka ko yawon sallah?"

Yanzu ta yago falle shida daga littafin makarantar 'yarta, ta adana wa magatakarda. Ni kuma ta sa ni horo. Kullum da safe in shiga gidanta, daga sallama ba gaisuwa, in ce, "Gamba ce iyaka, Badaru ya tuge ta," in fita. Har an fara cewa Khalilu ya lalace.

Abin da ke ɗaure mini kai, Masu Girma shekara da shekaru suke gaishe mu a rediyo, ba su kai ga gamba ba. Su dai takardarsu ba ta ƙarewa.